Daga Kotun Ƙoli Zuwa Mumbarin Coci: Inda Karatun Lauya Ya Kai Ɗaliban Howard

Duk makarantar lauyoyin da ta kwana biyu a duniya tana da jerin sunayen tsofaffin ɗalibanta da take tinƙaho da su. Wannan ya zama alƙali, wancan gwamna, wata ta shugabanci kamfani, wani ya bar shari'ar gaba ɗaya ya koma rubutu ko wa'azi. Mai karanta irin wannan jeri yakan ɗauka cewa takardar shaidar lauya tana buɗe kowace ƙofa, mutum ya zaɓi wadda ransa ke so ya shiga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma jerin sunaye ba ya gaya maka wanda ya bar aikin lauya don ya ga abin da ya fi masa, da wanda ya bari don an hana shi ci da sana'arsa. Makarantar da ta fi fito da wannan bambanci fili ita ce makarantar lauyoyi ta Jami'ar Howard da ke birnin Washington a Amurka.

An kafa jami'ar a 1867, shekara biyu bayan ƙare yaƙin basasar Amurka da soke bauta, aka kuma sa mata sunan Janar Oliver Otis Howard, shugaban hukumar da ke kula da bayin da aka 'yanta. Sashen shari'a ya buɗe a watan Janairun 1869 da ɗalibai shida, ƙarƙashin John Mercer Langston. Shi kansa Langston bai tsaya a aji ba: ya zama jakadan Amurka a Haiti, daga baya kuma ya shiga majalisar wakilai daga jihar Virginia. Tun daga shugabanta na farko ke nan aka ga alamar abin da zai biyo baya.

Labarin Charlotte Ray ne ya kamata a fara da shi, domin shi ne ke hana mutum yaudarar kansa. Ta kammala a 1872, aka rantsar da ita a matsayin lauya a Washington a wannan shekarar, ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Amurka. Ta buɗe ofishinta. Waɗanda suka san ta sun shaida ƙwarewarta a dokokin kasuwanci, kuma a 1875 ta tsaya wa wata mata da ke neman rabuwa da mijin da ke cin zalinta, ta yi nasara. Duk da haka masu ƙara ba su zo ba. Fararen fata ba za su ɗauki baƙar fata ba, maza ba za su ɗauki mace ba, waɗanda za su so ɗaukar tata kuwa ba su da abin biya. Ta rufe ofis ta koma New York, ta ƙare rayuwarta tana koyarwa a makarantun Brooklyn, ta rasu a 1911. Idan aka rubuta “lauya kuma malamar makaranta” a gaban sunanta, sai a ga kamar mace ce mai baiwa biyu da ta zaɓi ɗaya. Alhali kuwa kasuwa ce ta kore ta daga sana'ar da ta fi iyawa.

Wasu sun shigo ta wata ƙofar. Mary Ann Shadd Cary ta riga ta yi suna kafin ta zo, domin ita ce ta kafa jarida a Kanada a 1853 don baƙaƙen fatan da suka tsere wa bauta, ta kuma karɓi digirinta na lauya a 1883 tana da kusan shekara sittin. Emma Gillett kuwa farar fata ce. Howard ta karɓe ta a lokacin da sauran makarantun birnin ba sa ɗaukar mata, ita kuma ta haɗa hannu da Ellen Spencer Mussey suka kafa tasu makarantar lauyoyin a ƙarshen shekarun 1890, wadda yau take ƙarƙashin wata jami'a a Washington ɗin.

Makarantar da duniya ta sani yau an sake gina ta ne daga 1929, kuma aikin mutum ɗaya ne kusan kacokan: Charles Hamilton Houston. Shi ba ɗalibin Howard ba ne, a Harvard ya yi karatun lauya. Ya yi aikin soja a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga yadda ake yi wa sojoji baƙaƙe shari'ar son rai, ya dawo da ƙudurin koyon doka. Da aka ba shi ragamar makarantar, ya tarar yawancin karatun da dare ake yi, ɗalibai na zuwa bayan sun tashi daga aiki, malamai kuma lauyoyi ne masu leƙowa idan sun samu sarari. Ya rufe ajin dare, ya tsaurara sharuɗɗan shiga, ya ɗauki malamai na dindindin, ya inganta ɗakin karatu. Zuwa 1931 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da makarantar. Abin bai zo a arha ba. Talakan da ba zai iya barin aikin rana ba ya rasa hanyarsa, yawan ɗalibai ya ragu, tsofaffin ɗalibai da yawa suka ji haushinsa. Ni dai ina ganin yana da hujja, domin lauyan da zai fuskanci lauyoyin gwamnatin jiha a gaban alƙali farar fata ba shi da damar yin kuskure ko ɗaya. Amma duk mai yabon Houston ya kamata ya tuna da waɗanda aka rufe wa ƙofar da dare.

Lissafin da ke gabansa mai tayar da hankali ne. Ƙidayar 1930 ta nuna lauyoyi sama da 160,000 a Amurka, baƙaƙen fata a cikinsu kuwa kimanin 1,200 ne kawai, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke zaune a jihohin Kudu inda mafi yawan baƙaƙe suke, inda kuma zaluncin ya fi tsanani. Shi ya sa yake gaya wa ɗalibansa cewa lauya ɗayan biyu ne, ko dai mai gyara ginin al'umma, ko kuma kaska mai shan jininta. Wannan magana ta bi ɗaliban makarantar har yau, kuma da ita ake auna su.

Kafin a ga abin da suka yi, sai an fahimci katangar da suke son rushewa. A 1896, a shari'ar Plessy da Ferguson, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa jiha na da ikon raba baƙaƙe da farare a jirgin ƙasa, muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗayan. Da wannan hukunci aka halatta wariya a makarantu, asibitoci, motocin haya, har wurin shan ruwa. Rabawar an yi ta sosai, daidaiton kuwa ba a taɓa yin sa ba. Dabarar Houston ita ce kada a fara da kai wa hukuncin hari kai tsaye, domin alƙalan lokacin ba su shirya ba. A fara da tilasta wa jihohi cika alkawarin daidaiton, a kuma fara daga sama, daga makarantun lauyoyi da na manyan digiri. Dalilan a bayyane suke. Jihohi da dama ba su da irin waɗannan makarantu na baƙaƙe sam, gina su kuma na da tsada. Ɗalibai ƙalilan ne manya, ba yara ƙanana ba, don haka iyaye farare ba za su tayar da ƙura sosai ba. Na uku kuma, wanda ya fi kowanne wayo, kowane alƙali ya taɓa zama ɗalibin makarantar lauyoyi. Ba sai an kawo masa ƙwararre ya bayyana masa bambancin mai kyau da marar kyau ba.

Thurgood Marshall ɗan Baltimore ne, kuma makarantar lauyoyi ta Jami'ar Maryland na cikin garinsu, amma ba ta ɗaukar baƙaƙe. Kullum sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Washington, mahaifiyarsa kuma ta jinginar da zoben aurenta don biyan kuɗin makaranta. Ya fita na ɗaya a ajin 1933. Shekara biyu bayan haka shi da malaminsa Houston suka kai Jami'ar Maryland kotu a madadin wani matashi mai suna Donald Murray, kotu ta ba da umarnin a ɗauke shi. A 1938 Houston ya ci wata a Kotun Ƙoli a kan jihar Missouri, wadda ta so ta biya wa ɗalibi baƙi kuɗin karatu a wata jiha don kada ya shiga tata jami'ar.

Shari'ar 1950 ce ta fi dacewa da batunmu. Jihar Texas, don gudun ɗaukar Heman Sweatt a jami'arta, ta yi sauri ta haɗa wata makarantar lauyoyi ta baƙaƙe. Marshall ya kai maganar Kotun Ƙoli. Alƙalai suka ƙirga malamai da littattafai suka ga tazarar, sannan suka ƙara da cewa akwai abubuwan da ba a iya aunawa da mudu amma su ne ke ɗaukaka makarantar lauyoyi, kuma cikin abin da suka lissafa har da matsayi da tasirin tsofaffin ɗalibanta. Ma'ana, jerin sunayen nan da makarantu ke alfahari da shi ya zama hujja a gaban kotu mafi girma a ƙasar. Ɗalibin da ya zauna aji ɗaya da waɗanda gobe za su zama alƙalai da 'yan majalisa ya samu wani abu da babu shi a cikin littafi, wanda aka keɓe shi kuma an tauye masa wannan ko da ginin ajinsa na zinare ne. Daga nan hanya ta buɗe. Idan rabawar kanta tana rage wa mutum wani abu, to batun raba mutane a kuma ce an daidaita su ya faɗi. Houston ya rasu a watan Afrilun wannan shekarar, bai ga ƙarshen aikin ba.

Ranar 17 ga Mayun 1954 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Brown, alƙalai tara duk baki ɗaya, cewa wariya a makarantun gwamnati ta saɓa wa tsarin mulki. Shari'o'i biyar aka haɗa, kuma 'yan Howard na ko'ina a ciki. Robert Carter, ɗan ajin 1940, shi ya gabatar da ɓangaren Kansas. Oliver Hill, wanda ya zo na biyu a bayan Marshall a 1933, da Spottswood Robinson ɗan ajin 1939, su suka ɗauki ƙarar ɗaliban wata sakandare a Virginia da suka ƙaurace wa aji a 1951 ƙarƙashin jagorancin Barbara Johns, yarinya 'yar shekara 16. Kafin su shiga Kotun Ƙoli, a Howard suke gwajin muhawara, malamai su zauna a matsayin alƙalai suna yi musu ruwan tambayoyi.

Bayan wannan nasara aka fara ganin rabuwar hanyoyi ta wani sabon salo. Marshall ya ci 29 daga cikin shari'o'i 32 da ya gabatar a Kotun Ƙoli a shekarun da ya yi yana jagorantar lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka. A 1960 ya je Landan ya ba wakilan 'yan Kenya shawara a taron tsara kundin mulkin ƙasarsu, ya kuma rubuta musu daftarin haƙƙin ɗan ƙasa. Shugaba Kennedy ya naɗa shi alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a 1961, Shugaba Johnson ya mai da shi babban lauyan gwamnati a gaban Kotun Ƙoli a 1965, sannan a 1967 ya zama baƙar fata na farko da ya zauna a kujerar alƙalin kotun, har zuwa 1991. Robinson ya shugabanci makarantar da ta horar da shi, daga nan ya zama alƙalin tarayya. Carter ma alƙali ya zama a New York. Hill kuwa a Richmond, babban birnin Virginia, ya yi mafi yawan aikinsa. An zaɓe shi kansila a 1948, ya ci gaba da aikin lauya har tsufa, ya rasu a 2007 yana da shekara 100.

Cikin alƙalan akwai wanda aikinsa ya wuce batun launin fata, wato Damon Keith na ajin 1949. A 1971, yana alƙalin tarayya a Detroit, ya yanke cewa gwamnatin Shugaba Nixon ba ta da ikon sauraren wayar 'yan ƙasa ba tare da izinin kotu ba, ko da ta fake da tsaron cikin gida. Waɗanda ake tuhuma a shari'ar fararen fata ne masu tsattsauran ra'ayi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1972 ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Mutumin da ya tashi yana ganin yadda hukuma ke taka doka idan ta ga dama ya san inda irin wannan iko ke kaiwa.

Amma babu wanda rayuwarsa ta tara fuskoki kamar Pauli Murray, kuma a kanta nake son in daɗe. A 1938 Jami'ar North Carolina ta ƙi ɗaukar ta saboda launinta. Ta shiga Howard a 1941, ta tarar da wata wariyar a cikin gidan masu yaƙi da wariya, domin ita ce mace tilo da ta kammala a ajinta, kuma ba a ɗauke ta da muhimmanci ba a farko. Ta fita ta ɗaya a 1944. Al'ada ce ɗalibin da ya fi kowa ya wuce Harvard don ƙarin karatu, sai Harvard ta ce ba ta ɗaukar mata. Tun tana aji ta kawo shawarar cewa lokaci ya yi da za a daina roƙon daidaito a kai wa rabawar kanta hari. 'Yan ajin suka yi mata dariya. Ta yi caca da malaminta Spottswood Robinson a kan dala goma cewa hukuncin Plessy ba zai kai shekara 25 nan gaba ba. Shekara goma ya yi. Daga baya Robinson ya gaya mata cewa ya ɗauko takardar da ta rubuta a aji sun yi amfani da ita wajen shirya shari'ar Brown.

Duk da wannan basira, aikin lauya bai riƙe ta da kyau ba na tsawon shekaru. Ta tattara dokokin wariya na dukkan jihohi a littafi guda wanda lauyoyin fafutuka suka dogara da shi. Ta koyar a makarantar lauyoyi ta Ghana a Accra a farkon shekarun 1960. Ta samu digirin digirgir a fannin shari'a daga Yale a 1965, baƙar fata ta farko da ta samu. Tana cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar kare haƙƙin mata ta Amurka a 1966. A 1971 Ruth Bader Ginsburg ta sa sunanta a kan takardar hujjojin da ta miƙa wa Kotun Ƙoli a shari'ar Reed, don girmama tunanin da ta gina a kai, kuma a wannan shari'ar ne kotun ta fara soke doka saboda nuna wa mata bambanci. Sannan, bayan ta haura shekara sittin, ta ajiye kujerar farfesa ta shiga makarantar tauhidin Kirista, aka naɗa ta limamiyar cocin Episcopal a 1977, baƙar fata mace ta farko a wannan matsayi. Ga marubuciya, ga mawaƙiya, ga malama, ga lauya, ga mai wa'azi. Wasu sauye-sauyen nan ƙofa aka rufe mata ta juya, wasu kuma ita ta zaɓa da kanta, kuma rayuwarta ta faɗo daidai kan iyakar zamanin biyu.

Ba ita kaɗai ta haɗa kotu da mumbari ba. Dovey Johnson Roundtree ta yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kammala Howard a 1950. Ita da abokin aikinta Julius Robertson suka tsaya wa Sarah Keys, wata sojar mace da aka kama a 1952 don ta ƙi tashi daga kujerarta a motar safa a North Carolina. A watan Nuwamban 1955, kwanaki kaɗan kafin a kama Rosa Parks, baƙar fatar da ita ma ta ƙi tashi daga kujerarta a motar bas, hukumar kula da sufuri tsakanin jihohi ta yanke cewa wariya a irin waɗannan motoci haramun ce, ko da yake sai 1961 aka fara aiwatar da hukuncin da gaske. A 1961 ɗin aka naɗa Roundtree mai wa'azi a cocin AME, wani coci na baƙaƙen Amurka, ta ci gaba da riƙe ayyukan biyu tare. Ta rasu a 2018 tana da shekara 104. A cikin al'ummar baƙaƙen Amurka coci ne wurin taro, wurin tara kuɗin beli, wurin shirya zanga-zanga, saboda haka tazarar da ke tsakanin lauya da fasto ba ta kai yadda na waje zai zata ba.

To, me ke cikin karatun lauya da yake bin mutum zuwa duk inda ya je? A Amurka shekara uku ake yi, bayan mutum ya riga ya yi digirin farko a wani fanni, don haka kowa na zuwa da wani abu a hannu. Tsarin koyarwar, wanda Christopher Langdell ya assasa a Harvard daga 1870, ba haddar dokoki ba ne. Ana ba ɗalibi hukunce-hukuncen kotu ya karanta, malami ya tsayar da shi a aji ya tambaye shi abin da ya faru, wace ƙa'ida alƙali ya bi, sannan ya sauya abu ɗaya cikin labarin ya ce to yanzu fa? Wanda ya sha wannan shekara uku yana koyon ware abin da aka tabbatar daga abin da aka zarga. Yana koyon gina hujjar abokin hamayyarsa kafin ya rushe ta, da karanta rubutu yana lura da kalmar da aka sa da wadda aka tsallake. Sama da komai, yana gane cewa hukuma, ko gwamnati ce ko kamfani ko coci, tana tafiya ne a kan rubutattun ƙa'idoji, kuma wanda ya san su zai iya juya ta. Da wannan ake rubuta ƙudurin doka, da shi ake sasanta rikicin ma'aikata, da shi ake haɗa kamfanoni biyu.

Shi ya sa da dokar haƙƙin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965 suka buɗe fagen siyasa, 'yan Howard na cikin waɗanda suka fi shiri. Douglas Wilder jikan bayi ne, ya karanta ilimin sinadarai, ya yi yaƙin Koriya har ya samu lambar jarumta, ya kammala Howard a 1959. A watan Janairun 1990 aka rantsar da shi gwamnan Virginia, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna da ƙuri'a a tarihin Amurka, kuma a Richmond, birnin da ya kasance hedikwatar jihohin da suka yi yaƙi don riƙe bauta. Birnin Washington kansa ya samu magadan gari uku daga makarantar: Walter Washington, Sharon Pratt da Adrian Fenty. Kasim Reed ya riƙe Atlanta daga 2010 zuwa 2018. Togo West ya zama sakataren rundunar sojan ƙasa a zamanin Clinton. Roland Burris ne aka naɗa a kujerar sanata da Barack Obama ya bari. Letitia James ta fara da kare talakawan da ba su da kuɗin lauya, ta zama antoni-janar ta jihar New York a 2019, ita ce kuma ta shigar da ƙarar kamfanin Donald Trump a 2022. Har da farar fata a jerin, Harris Wofford na ajin 1954, wanda ya ba Kennedy shawara kan haƙƙin baƙaƙe, ya yi aiki a Habasha, ya shugabanci kwaleji, ya zama sanata. Mutane kan saka Kamala Harris a ciki, amma digirin farko ta yi a Howard, karatun lauya kuwa a California ta yi shi.

Wanda ya fi jawo muhawara shi ne Vernon Jordan. Ya kammala a 1960, a watan Janairun 1961 kuma shi ne matashin lauyan da ya raka Charlayne Hunter, ɗaya daga cikin ɗalibai baƙaƙe biyu na farko da aka ɗauka a can, ta ratsa taron masu zagi zuwa cikin Jami'ar Georgia. Ya jagoranci aikin yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe a Kudu, ya shugabanci National Urban League, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, kusan shekara goma. A 1980 wani mai ƙiyayyar launin fata ya harbe shi a baya a jihar Indiana, da ƙyar ya sha. Bayan ya warke sai ya sauya hanya: ya shiga babban kamfanin lauyoyi na Akin Gump, ya zauna a hukumar daraktocin kamfanoni irin su American Express da Xerox, ya zama aminin Bill Clinton kuma mai ba shi shawara, daga bisani ya koma bankin zuba jari na Lazard. Ya yi arziki, ya yi faɗa a ji. Akwai waɗanda suka ɗauko ma'aunin Houston suka ce ya bar layi. Ban yarda da su ba gaba ɗaya. Wariyar ba a makaranta da motar safa kawai take ba, tana nan a ɗakunan da ake yanke shawarar wanda za a ba bashi da wanda za a ɗauka aiki, kuma shiga waɗannan ɗakuna na cikin abin da aka yi yaƙin dominsa. Charlotte Ray ta ƙware a dokar kasuwanci ta rasa mai ba ta aiki, Jordan ya zo bayanta da kusan shekara casa'in ya zauna a kan teburin masu kasuwancin. Sai dai masu sukar ma ba a banza suke magana ba. Karatun lauya a Amurka na barin ɗalibi da bashi mai nauyi, manyan kamfanoni na biyan ninkin-ba-ninkin abin da ofishin kare talakawa ke biya, don haka abin da ake kira zaɓi a yau wani lokaci bashin ne ke yin sa.

Akwai kuma waɗanda jerin ba ya ɗauka kwata-kwata, kuma su ne mafi yawa. Lauyoyin da suka koma ƙananan garuruwa suna rubuta wasiyya, suna kare gonar da aka so ƙwace wa iyali don babu takardar gado, suna tsaya wa yaron da aka kama da dare. Su Houston ya fi nufi lokacin da yake lissafin ƙarancin lauyoyi a Kudu, kuma shari'o'in da suka kai Kotun Ƙoli galibi daga hannun irinsu suka taso, domin sai da wani ya yarda ya shigar da ƙara a garin da kowa ya san gidansa.

Lissafin nasa bai gama daidaita ba. Baƙaƙen fata sun kai kimanin kashi 13 cikin ɗari na al'ummar Amurka, amma a cikin lauyoyi kimanin kashi 5 ne, kuma adadin ya daɗe bai motsa sosai ba. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli, wadda Marshall ya zauna a cikinta shekara 24, ta haramta wa jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, tsarin da tun shekarun 1960 ya taimaka wa baƙaƙe shiga manyan makarantun da a da suka rufe musu ƙofa. A rukunin farko da aka ɗauka bayan hukuncin, wato na 2024, sababbin ɗalibai baƙaƙe a makarantar lauyoyi ta Harvard, inda Houston ya yi karatu, sun ragu daga 43 zuwa 19.